Rantsuwar Baba da Keke Mai Caji

Ranar da na kawo keke mai caji gidanmu, turo shi na yi tun daga bakin tashar Rano har ƙofar gida, ban hau ba. Alhamis ce bayan La'asar, damina ta fara ja da baya, kuma na san a irin wannan lokacin Baba yana zaure a kan buzunsa yana sauraren rediyo. So nake ganinsa na farko da abin ya zama yana hannuna, kaca tana ƙara irin ta kowane keke. Ina tafe gumi yana bin gadon bayana, alhali ba wata rana ake yi ba.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane abin da ya sa magidanci kamar ni, malamin makaranta da furfura ta fara fito wa a gemu, yake tsoron shiga gidan ubansa da abin da ya saya da guminsa.

Mu biyu ne maza a wajen Baba, ni da yayana. A shekarun farko na dawowar mulkin farar hula, lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a gari ya cika da wa'azi da ɗoki, 'yan siyasa suka shiga rabon babura. Yayana yana cikin waɗanda rabon ya faɗa wa. Ya ajiye fartanya ya kama acaɓa, kullum yana tsakanin Rano da ƙauyuka, ranar kasuwa kuwa ko abinci a tsaye yake ci. Bai yi nisa a sana'ar ba mota ta haɗa da shi a hanyar Bunkure. Ko asibiti ba a kai da shi ba. Ina sakandare a lokacin.

Ranar sadakar uku abokan sana'arsa suka ɗauko ragowar babur ɗin a bayan a-kori-kura suka sauke a ƙofar gida. Da kyakkyawar niyya suka yi, wai ko za a sayar da ƙarafan a ba matarsa. Baba ya miƙe daga cikin masu gaisuwa, ya tsaya a kan tarkacen nan ya daɗe yana kallo. Mutum ne da ba a san shi da ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, amma kowa ya ji shi.

Ya ce, "Wallahi tallahi, ni da babur har abada. Ba zan hau ba, ba zai kwana a gidana ba, ɗan da na haifa kuma in ya hau ban yafe ba."

Ɗa namiji da ya rage masa ni kaɗai ne, don haka kowa ya san da wanda ake.

Haka na girma da maganar nan a wuyana. Na yi karatun koyarwa a Kano ina takawa a ƙasa, abokaina suna wuce ni a bayan 'yan acaɓa. Ranar da naƙudar fari ta kama maiɗakina, a kan keke na dinga zagayen gari ina neman mota, ga babura jere a bakin titi masu su suna kira na. Ko a inda babu wanda ya san ni ban taɓa ɗora ƙafata ba. Da a-daidaita-sahu ta fito, sai da Baba ya zagaya ta, ya leƙa ciki, sannan ya yanke cewa mota ce mai ƙafa uku tunda tana da rufi. Wannan hukuncin nasa shi ya fara sa mini rai cewa rantsuwar tana da iyaka, in mutum ya san inda zai biyo mata.

Ana nan aka mayar da ni wata firamare a Kibiya. Da farko motar haya nake bi. Da aka janye tallafin mai kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, na koma kan kekena na da, safe da yamma. Shekaru sun ja, jikin ba na jiya ba ne. Gwiwata ta dama ta fara kumbura. Ina isa makaranta riga a jiƙe, yara sun riga sun shiga aji, in tsaya gaban allo ƙafa tana rawa. Da yamma maiɗakina ta gasa mini gwiwar da ruwan zafi ta shafa man zafi, gari ya waye a sake.

Akwai wani Alhaji mai shago a bakin tasha, yana kai hatsi Kano ya dawo da kayan masarufi. Shi ya fara kawo masu cajin nan garinmu. Na daɗe ina wucewa ina satar kallonsu kafin na yi ƙarfin halin shiga. Iri uku ya jera. Na farko ba shi da feda ko ɗaya, ga faffaɗan sirdi na mutum biyu, ga wurin ɗora ƙafa, ga madubi hagu da dama. Alhaji ya ce shi ne ya fi ƙarfi, batirinsa zai kai ni Kibiya ya dawo da ni da saura. Ko taɓa shi ban yi ba, don makaho ma ya shafa zai ce babur ne. Na biyu yana da feda, amma 'yan ƙanana ne an maƙala su can baya kamar an tuna da su bayan an gama ƙira. Na gwada takawa, gwiwoyina suka buɗe kamar na hau jaki. Na ukun shi ne siriri, tayoyinsa manya irin na keke, da kaca da ƙararrawa da kariya a baya, sai wani baƙin akwati a ƙarƙashin sirdi. Alhaji ya gaya mini gaskiya cewa shi ne mafi raunin batir a cikinsu, in hawa ya yi tsawo sai na taimaka masa da ƙafa. Na ce shi nake so. Ya dube ni ya yi murmushi, don ya san gidanmu, ya ce ba wa hanya nake zaɓa ba, wa idon Malam, wato Baba, nake zaɓa. Ban musa ba.

To, shi ne na turo har zaure. Na yi sallama, Baba ya amsa ya rage muryar rediyo. Ya ce ya ga na yi sabon keke, Allah ya sa alheri. Na kafe shi a kan ƙafarsa, tayar baya ta ɗage daga ƙasa, na durƙusa na gaishe shi.

Baba ya san keke. Nasa baƙi ne mai kauri, ya girme ni, da shi ya yi ta dakon gyaɗa tun yana saurayi. Ya taso ya danna taya da babban yatsa, ya matsa birki, ya kaɗa ƙararrawa, ya sunkuya ya juya feda da hannu yana sauraren kaca. Har na fara jin numfashina yana dawowa. Sai ya ƙwanƙwasa baƙin akwatin nan ya tambayi mene ne. Na ce batir ne. Ya ce na fitila? Na ce a'a, yana ɗan taimaka wa ƙafa ne in an zo hawa.

Ya kama hannun keken na dama kamar yadda mai saye yake jin riƙo. Ashe da Alhaji ya gwada mini a shago ban kashe makullin ba. Hannun Baba ya murɗa totur, tayar baya ta ɗauki juyi ita kaɗai da wani siririn kuka, feda tana tsaye cak babu ƙafar kowa a kai. Ya saki kamar ya dafa garwashi. Muka tsaya ni da shi muna kallon tayar har ta gaji ta tsaya.

Ya ce, "Fitar da shi."

Na fara jero abin da na kwana ina haddacewa, cewa ba ya shan mai, ba shi da salansa, ba a yi masa lamba, ko hukuma ba ta tare mai shi.

Ya ce, "Ban tambaye ka abin da yake sha ba."

Na fitar. Akwai tela a bakin layinmu mai wutar sola a shagonsa, shi ya yarda in dinga ajiyewa a wajensa ina caji. Da na ba shi labari ya nuna mini keken ɗinkinsa, ya ce ga shi nan ya ɗaura masa injin lantarki tun bara, ƙafarsa ta huta, kuma har yau ba wanda ya canza masa suna. Na riƙe maganar tela kamar fatawa. Ranar Litinin na hau na tafi Kibiya. Na isa kafin a buga ƙararrawa, rigata a bushe, amma duk tsawon hanyar ina ta maimaita wa kaina cewa keke ne, ga feda, ga kaca.

Kafin in dawo labari ya riga ni gida. Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. In na gaishe shi sai ya ce lafiya, idonsa a wani wuri. Tuwon da maiɗakina take kai masa ya fara dawowa a rufe kamar yadda aka kai. A masallaci, inda muka saba tsayawa kafaɗa da kafaɗa, ya koma can ƙarshen sahu. Yarana suka daina wasa a zaure ba tare da an hana su ba. Inna, mahaifiyata, ba ta ce da ni ci kanka ba, sai dai in na shiga gaishe ta takan dubi ƙafafuna da hannuwana kafin ta dubi fuskata. Kalmar "ban yafe ba" da nake tsoro Baba bai furta ta ba tukuna, ni kuma ban san ko ta riga ta hau kaina ba.

A gari kuwa abin ya zama na muhawara. 'Yan acaɓa suka tare ni a tasha wai in yanki tikitin ƙungiya, tunda abin da ke tafiya da totur ɗan gidansu ne. Wani ɗan uwansu ya ce a ƙyale ni, abin da bai san layin gidan mai ba ai ba ɗan uwansu ba ne. Da tayar baya ta yi faci na kai wa mai gyaran keke, ya ga wayoyi sun shiga cikin gindin tayar, ya ce in kai wa bakanike. Bakanike ya duba ya ce babu fulogi babu kafireto, in kai wa mai gyaran rediyo. A majalisar ƙofar masallaci wasu suka ce suna ne hujja, kowa keke mai caji yake cewa. Wasu suka ce in suna ne hujja, to a-daidaita-sahu ma keke ake ce mata. Ana dariya ana shewa, ni kuwa abincin kirki ba na iya ci.

Inna ce ta aika wa limamin unguwarmu, ba da sanina ba. Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Baba ya sa aka kira ni na zauna daga bakin ƙofa. Liman dattijo ne, sa'an Baba, yana cikin waɗanda suka ji rantsuwar da kunnensu. Ya yi bayani a tsanake cewa rantsuwa niyyar mai ita take bi, in niyyar ta shige duhu sai a duba abin da ya jawo ta, sannan a duba yadda mutanen gari suke kiran abu. Daga nan ya juya ya tambayi Baba, ranar da ya rantse, me ya nufa da babur.

Baba ya yi ta murza bakin buzunsa da yatsa. Can ya ce, "Abin da ya kashe mini ɗa."

Liman ya ce wannan na yanzu ai ba a ƙera shi ba a wancan lokacin, ba ya cikin abin da zuciya za ta iya nufa.

Baba ya ɗago ya ce, "Malam, fetur ne ya kashe shi, ko gudu?"

Liman ya yi addu'a aka shafa. Da na rako shi waje ya dafa kafaɗata ya ce a ganinsa akwai sassauci a maganar, amma in sani rantsuwa tana da kaffara, fushin uba kuwa ba shi da ita. Na yanke a raina ranar Litinin zan mayar wa Alhaji kayansa ko da da asara, gwiwa kuma ta yi yadda Allah ya so.

Washegari Asabar da hantsi na fito na tarar da Baba ya fito da baƙin kekensa yana ba taya iska. Rabonsa da wuce gonarsa ta wajen Zurgu a kan keke an daɗe, don yana da hawan jini kuma numfashi yana yi masa gardama. Bai dube ni ba ya ce in je in ɗauko abin nawa, zan raka shi Kibiya. Na tambayi ko lafiya. Ya ce in keke ne ai zai iya tafiya da keke. Inna ta fito har bakin zaure, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Malam, numfashinka fa." Ya ce da Allah ya dogara. Ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya hau.

Muka bar duwatsun Rano a baya, shi a gaba ni a baya. Dawa ta yi tsayi hagu da dama, gero ya sunkuyar da kai, matan Fulani suna tafe a gefen titi da ƙoren nono za su gari. Ban kunna ba. Takawa nake da ƙafa, kuma a ranar na san nauyin abin da na saya, don in babu wuta kamar an ɗaura maka buhu ne a kariya. Gwiwata ta ɗau zafi tun ba mu yi nisa ba. Amma ba ita nake ji ba, bayan Baba nake kallo, yadda kafaɗunsa suke hawa da sauka, yadda keken yake ɗan karkata duk lokacin da ya danna ƙafar hagu. Tifofin yashi suna wuce mu, iskarsu tana kaɗa shi. Na roƙe shi mu tsaya mu huta, ya yi kamar bai ji ba.

Akwai wani dogon hawa a hanyar, ba mai tsini ba ne amma ba ya ƙarewa da wuri. A tsakiyarsa na fara jin numfashin Baba daga inda nake, yana fita da wani sauti kamar ana jan zarto. Sai da ya kai ƙarshen hawan sannan ya sauka a gindin wata ɗorawa, ya jingina keken, ya zauna a kan saiwa. Leɓɓansa sun yi fari. Na ba shi ruwan da na riƙo, ya sha kaɗan ya zuba saura a kai. Na tsuguna a gabansa ina tunanin yadda zan yi in ya faɗi a nan, babu gida kusa.

Da numfashin ya daidaita sai ya ce tun da muka taso ban kunna ba, yana jin yadda nake nishi a bayansa, shi zan yi wa wayo? Na ce ba wayo ba ne, so nake ya ga ana iya taka shi. Ya ce ya gani. Ya miƙe ya miƙo hannu.

"Kawo."

Na ce, "Baba, don Allah. Rantsuwarka fa."

"Kai ka ce keke ne."

In na hana shi na ƙaryata kaina, in na ba shi ban san abin da zai faru ba. Na ba shi. Ya hau, ya ce in nuna masa. Na murɗa makulli, na nuna masa totur na ce a hankali ake ja, kamar mai zare ƙaya, ga birki nan kuma a inda ya san shi. Ya gyaɗa kai. Ya ɗora ƙafa a feda, ya murɗa.

Hannun manomi bai san a hankali ba. Keken ya zabura da shi, ga gangara a gaba. Na ga babbar rigarsa ta warware daga kafaɗa ta cika da iska. Na bi shi da gudu ina cewa ya saki hannun dama. Ya sauke ƙafafunsa yana jan su a kwalta, yadda mai keke yake yi in birki ya ƙi, amma tsoro ya sa ya ƙanƙame hannun, ƙanƙamewar kuwa ita take ƙara masa wuta. Daga can ƙasa wata tifa ta ɓullo daga wajen Kibiya, ta cika da yashi, direban ya kwanta a kan oda. Baba yana tsakiyar titi yana tangaɗi. Na daina kira, na daina jin gwiwar, bakina dai yana ta salati. Tifar ta kauce har tayoyinta suka sauka gefe, shi kuma ya karkata ɗaya gefen, ya bar kwalta, ya tsallake ɗan kwalbatin ruwa ya faɗa cikin kunyoyin gyaɗar wani bawan Allah.

Da na isa yana kwance a gefensa, keken a kan ƙafarsa ɗaya, hularsa can gefe. Na ɗage keken na jefar. Idonsa a buɗe yake, yana kallon sama. Na kira shi ya amsa. Ƙasar a jiƙe take da ruwan kwanakin baya, ita ta tare shi. Goshinsa ya ɗan ƙuje, yatsun ƙafarsa sun fashe don takalman sun zube tun a titi, ya riƙe wuyan hannunsa na dama da hannun hagu. Direban tifar ya taho da gudu yana zage-zage, da ya ga tsoho ne sai ya yi tsit, ya koma ya ɗauko jarkar ruwa.

Na tayar da Baba zaune, na karkaɗe hular na sa masa. Ya dubi keken a inda yake kwance, 'yar fitilar makullin tana ci, ya ce in kashe shi. Na kashe. Muka zauna a cikin gyaɗar nan, direban yana tsaye da jarka.

Can Baba ya ce, "Wannan ba keke ba ne."

In ba keke ba ne, to duk zirga-zirgar da na yi a kansa a ƙarƙashin kalmar nan na yi ta. Na durƙusa a cikin taɓo na ce, "To Baba, ka yafe mini."

Ya dubi hannunsa da ya fara kumbura, ya ce, "Ni ma ai na hau."

Direban nan, Allah ya saka masa, shi ya kawo mu gida. Aka ɗora kekunan biyu a kan yashi, Baba a gaba tsakanina da shi. Mai ɗori ya duba ya ce ƙashin ya tsage, ya ɗaure da karare da tsumma. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tambaye ni yadda aka yi ba. Ta dafa ruwa ta wanke masa yatsun ƙafa da kanta.

Bayan kwana biyu Baba ya aika aka kira liman, ya gaya masa ya karya rantsuwarsa, yana so ya yi kaffara. Liman ya so ya sauƙaƙa masa, ya ce abin da ake kokwanto a kansa ba lalle ne ya wajabta komai ba. Baba ya ce shi ya hau, shi ya san abin da ya hau, babu kokwanto a wajensa. Aka buɗe rumbu, Inna ta auna gero na miskinai goma kowa da mudunsa, Baba ya sa ta ƙara a kan kowanne. Ni na rarraba gida-gida.

Har yau ban san ko da gangan ya yi ba. Wani lokaci ina ganin ya tafi ne don ya kama ni da hujja. Wani lokaci kuma ina ganin tun a gida ya san in ya ɗora ƙafarsa a kan abin nan rantsuwar ta warware, kuma ba shi da wata hanyar da zai sauke mini ita ba tare da ya ce ya yi kuskure a gaban mutanen da suka ji shi ba. Ban tambaye shi ba, ba kuma irin tambayar da ake yi masa ba ce.

Da aka gama rabon geron ya kira ni ɗakin Inna, ya ce ya yafe mini, na baya da na gaba. Ya ce in ci gaba da zuwa aikina a kai tunda gwiwa ta ƙi, amma kada in ɗauki yaro, kada in ɗauki maiɗakina, in na hango babbar mota kuma in sauka daga kwalta. Na ce na ji. Na tambaya ko yanzu zan iya shigo da shi gida, don tela ya fara ƙorafin wuri. Baba ya buɗe baki zai amsa, Inna ta riga shi. Tunda aka fara rigimar nan ba ta faɗi abin da ke ranta ba sai ranar.

Ta ce, "Shi ya rantse, shi ya warware. Ni ban rantse ba, amma ba na son in fito tsakar gida in gan shi."

Baba ya sunkuyar da kai. A wajen tela ya ci gaba da kwana, na yi masa 'yar rumfa a bayan shagon.

Kakar shekarar ta zo hannun Baba yana ɗaure. Bai iya riƙe lauje ba, sai ya zauna a inuwa yana kallo, ni da 'yan ƙodago muna yanka ranakun da babu makaranta, yana ta mitar yadda muke ɗaurin dami. Da aka kwance ɗorin hannun bai koma daidai ba, ya ɗan karkace, ba ya iya matsa birki da shi. Daga wannan shekarar ya daina hawan nasa keken ma. Da ƙafa yake zuwa gona, da sanda, yana hutawa a hanya, in ina gida kuma nakan bi shi in riƙe masa fartanya.